Ranar da Na Sallami Tsahara

Ku da kuka fito makaranta bana, ina jin hirarku a gindin bishiyar bedin nan. Kun ce layin masu ciwon gaɓoɓi shi ne layin hutu. Tsoho ya ce gwiwa, ka ba shi ƙwaya. Tsohuwa ta ce ƙugu, ka ba ta ƙwaya. Kafin azahar ka tashi. Ni ma haka na ɗauka, kuma na fi ku dalili, don ni akwai lokacin da ake ɗauko mutum tun daga Birnin Lalle a kawo mini shi saboda gwiwa kawai. Ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Zamanin Faransa aka turo ni Dakoro a matsayin anfirme, wato ma'aikacin jinya. Ɗakin maganin ciki biyu ne na ƙasa, da rumfar zana a gaba. Ni kaɗai ne a wurin, shi ya sa mutane suka fara ce mini Majo, wato babban anfirme, tun ban kai muƙamin ba. Kayan aikina kuwa kuna iya ɗaure su a ɗankwali guda. Allura ta gilashi biyu, kullum da safe in tafasa su a tukunya kan gawayi. In tsininta ya dakushe sai in wasa shi a dutse, in ja shi a kan auduga. In ya kama zare, bai yi ba, a sake. Ma'aunin zafin jiki ɗaya tak, ina ajiye shi cikin kara da na rarake, don in ya fashe sai an shekara kafin a ga wani. Akwai kinin, akwai jan maganin miki, akwai ƙaramin sikeli. Sai wani babban gwangwani na farin gari da ake kira salisilat, shi ne maganin gaɓoɓi. Ina auna shi a sikeli in ƙunsa a takarda, ƙulli-ƙulli. Abin sauraron ƙirji da kowannenku ya rataya a wuya yau, ba ni da shi. A lokacin kayan likita ne, anfirme ba ya taɓawa.

Wanda ya koya mini aiki a kudu, Majo Tanko, tsohon soja ne. Shekara uku ina wanke miki a gabansa kafin ya bar ni in taɓa allura. Shi ya nuna mini yadda ake jin zafin gaɓa da bayan hannu, a gwada da ta ɗaya ɓangaren, da yadda ake danna ƙoƙon gwiwa a ji ko yana iyo a kan ruwa. Bai ɓoye mini kome ba, Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya sani game da ciwon gaɓoɓi bai wuce magana uku ba: sanyi ne, ba da gari kwana bakwai, in ya taka ya warke. Da wannan na zo Dakoro, da shi na yi shekara takwas.

Wani Buzu mai raƙuma, Agali, shi ne na fara yi wa aikin gaɓoɓi a nan. Yatsunsa duk sun karkace gefe guda, ba ya iya ɗaura akala. Gwiwoyinsa cike da tabon wuta, don kafin ya zo an yi masa lalas har sau uku. Na ba shi gari, ya dawo ran kwana huɗu ya ce raƙumansa suna kuka a cikin kunnensa dare da rana. Daga shi na koyi cewa in kunne ya fara ƙara, garin ya kai iyakarsa, a rage. Yatsun ba su miƙe ba, amma ya iya riƙe ƙoƙon shayi. Irinsa su ne yawancin masu zuwa: masu haƙar rijiya da gwiwarsu ke ƙara kamar ana taka tsakuwa, mata da daka ya cinye musu kafaɗa, makiyaya da suka tsufa a kan ƙafa. Ba ka warkar da su. Kana rage musu ne su samu su yi sujada.

Yarinyar da nake so in ba ku labarinta daban take. Ranar kasuwa aka kawo ta a kan jaki daga wani ƙauye bayan Korahane. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Ubanta, Abarshi, manomi ne mai shanun jan ruwa biyu. Ya sauke ta a hannu, tana ihu in zane ya taɓa gwiwarta.

Ya ce, "Majo, ga ɗiyata Tsahara. Kwana huɗu ke nan ba ta taka ba."

Na ce, "Faɗuwa ta yi?"

"Ko kusa. Kwanan baya dai ta yi ciwon maƙoshi, wanzami ya duba, ya wuce. Sai wanga abu ya taso."

Maganar maƙoshin ko a kunnena. Na ɗora bayan hannu a gwiwar dama, zafi kamar tukunya. Jikinta da masassara. Na kwantar da ita a rumfa. Washegari gwiwar ta sace, ciwon ya koma idon sawun hagu. Jibi ya koma wuyan hannu. Na ce a raina, sanyi ne mai yawo. Na fara mata gari, ƙulli huɗu a yini. Ran kwana uku masassara ta sauka. Ran na huɗu na fito da safe na tarar da ita tsaye tana share mini rumfa, ba wanda ya sa ta. Ran na bakwai na buɗe kayen da nake rubuta sunayen marasa lafiya, na rubuta a gaban sunanta: ta warke.

Abarshi ya tambaye ni, "Tana iya aiki?"

Na ce, "Kome ma. Ta yi daka, ta je rijiya. Ai zama shi ke kawo sanyi."

Ta tafi da ƙafarta, tana jan jakin da ya kawo ta. Rabin kasuwa sun gani. Daga ranar sunana ya fita. Aka riƙa kawo mini yara masu irin wannan ciwo daga Kornaka da ƙauyukan arewa, ni kuma ina tashinsu cikin mako guda.

Sau biyu a shekara likita yake zuwa turne, wato rangadin duba ƙananan ɗakunan magani. A shekarata ta tara aka turo wani sabo, baƙar fata, mutumin bakin teku, Lokotoro Amusu. Sauran in sun zo kaye kawai suke dubawa su sa hannu. Shi kuwa ya ɗauki kujera ya zauna a bayana tun safe har azahar yana kallon aikina. Da mutane suka watse ya ce, "Isufu, hannunka yana da kyau. Yaushe rabonka da karatu?"

Na ce, "Tun da na fito wurin koyo."

Ya ce, "To aikin ya yi gaba, kai kana nan inda aka ajiye ka."

Ya fara aiko mini da darasi kowane wata a motar wasiƙu, takarda biyar ko shida da ya buga da kansa. A ƙarshen kowane darasi akwai tambayoyi. Amsoshin suna shafi na ƙarshe, ya naɗe shi ya ɗinke da zare. Ya rubuta a sama: ka amsa da tawada, kada da fensir, sannan ka tsinke zaren. Ba wanda zai duba ka. In ka leƙa, ba ni ka cuta ba.

Bayan la'asar nake yi, in na gama wanke kaya. Darasin masassarar sauro na ci kusan duka. Na miki haka. Na haihuwa na faɗi da yawa, ban damu ba, don mata ba sa haihuwa a wurina. Da na ga na bakwai na gaɓoɓi ne, ban ma karanta darasin ba. Na ce wannan gonata ce. Na juya kai tsaye zuwa tambayoyi.

Ta huɗu ta ce: yaro ya yi ciwon maƙoshi, bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa suka kumbura, ciwon yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan, da masassara. Ka ba shi salisilat, ran kwana uku ya miƙe. Ya warke? Me ya rage ka duba?

Na rubuta da tawada: ya warke, ba abin da ya rage, a sallame shi.

Na tsinke zare. Amsar ta ce bai warke ba. Garin yana kashe zafin gaɓa ne kawai. Wannan ciwo ba ya barin lahani a gwiwa, a zuciya yake bari, yana cin ƙofofinta a hankali. Dole a saurari ƙirjin yaron. Dole ya kwanta makonni, ko tulu kada ya ɗauka. Dole a yi masa allurar fenisilin, a kuma ci gaba da tsare shi shekaru, don duk sanda maƙoshi ya sake ciwo, ciwon zai dawo ya ƙara ci. Na koma na karanta darasin daga farko, sau uku, ko zan samu wurin da ya ce wani lokaci ba haka ba ne. Ban samu ba.

Na ɗauko kaye na bi shi shafi-shafi har magariba. Yara bakwai na samu masu irin wannan ciwo. A gaban kowane suna, da hannuna: ya warke, ta warke.

Wata huɗu na jira kafin Lokotoro ya dawo. Na nuna masa amsata da sunayen. Bai yi mini faɗa ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da tsohon abin sauraron ƙirjinsa, robar ta tsage an ɗaure ta da zare. Ya sa mini a kunne, ya ɗora bakin a ƙirjinsa. Ya ce kafin in saurari marar lafiya guda, in saurari masu lafiya ɗari, in ba haka ba kowace ƙara zan ji ciwo ce. Haka na yi. Na saurari gardawan bariki, wato dogaran gwamnati, na saurari 'yan makarantar lakol aji guda, na saurari mahauta, har ladan sai da ya ɗaga mini riga. Zuciya mai lafiya ƙara biyu take yi tsaf, kamar mata biyu masu daka a turmi ɗaya, wannan ta saka, wannan ta saka, tsakani shiru.

Da kunnena ya zauna, na ari doki na tafi ƙauyen Abarshi. Shekara biyu ke nan da na sallami Tsahara. A rijiya na same ta. Kun san zurfin rijiyoyin can: sa ne ke jan igiya, mai kora ya bi shi har nesa, ya juyo da shi, ya sake. Ita ke korar san. Na tsaya daga gefe ina kallo. Duk sawu ɗaya sai ta tsuguna ta dafa gwiwa, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Sauran 'yan matan suna mata dariya, wai raguwa. Ta yi tsayi amma ba ta yi jiki ba.

Ta gane ni, ta durƙusa ta gaishe ni da murna. Na kira ubanta, muka koma inuwar aduwa. Na ɗora abin a ƙarƙashin nononta na hagu. Ban sha wahalar nema ba. Tsakanin ƙarar nan biyu akwai wani huci mai tsawo, kamar zugazugin maƙeri da ya huje.

Na ja Abarshi gefe. Na ce, "Yarinyar nan ba ta warke ba. Ciwon ya bar gwiwa ya shiga zuciya. Ta bar rijiya, ta bar daka. In maƙoshinta ya yi ciwo, ranar a kawo mini ita."

Ya dube ni ya ce, "Majo, ba kai ka ce ta yi kome ba?"

"Ni na ce. Ban sani ba a lokacin."

"To yanzu mi za ka ba ta?"

Na ce zan nemo.

Ya ce, "Uwatta ba ta da lahiya, ƙannenta ƙanana. In ta bar rijiya, wa za ya ba mu ruwa? Ni dai ina ganin ɗiyata tana cin tuwonta. Kai kuma ka zo da ƙarhe ka ce tana mutuwa."

Na dawo na rubuta takarda sama ina neman fenisilin na yara bakwai, na jera sunayensu da ƙauyukansu. Bayan wata biyu amsa ta zo a layi biyu: wanda ake da shi kaɗan ne, an ware shi don ciwon huhu da manyan raunuka, ba a ba da shi don tsare ciwon da bai zo ba. Na sake rubutawa, wannan karon ga Lokotoro Amusu. Takardar ta dawo mini ba a buɗe ba. An ɗauke shi an mayar da shi ƙasarsu. A ƙasan darasin ƙarshe da ya aiko ya rubuta cewa na gaba zai yi bayanin yadda ake jinyar zuciyar da ta riga ta gaji. Na gaban bai zo ba. Wanda ya gaje shi kaye yake dubawa ya sa hannu.

Sauran yaran shida na bi su ɗaya-ɗaya a ranakun da ba kasuwa. Biyu na tarar an rufe su. Iyayen suka ce kumburi ne, suka kuma gode mini da na warkar musu da gwiwa a wancan karon. Ɗaya 'yan uwansa sun yi arewa da dabbobi, ban sake jin labarinsa ba. Biyu na ji hucin nan a ƙirjinsu. Guda ɗaya ce kawai, wata yarinya a Kornaka, zuciyarta ke bugawa tsaf.

Sai mugunyar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi yana bununi, gonaki suka tsaya kara. Maza suka yi kudu cin rani. Shanu suka fara faɗuwa, waɗanda suka rage ba su iya jan guga, sai mata da yara suka koma jan igiya da hannu, su biyar su shida a layi. Da zafi ya shigo, sanƙarau ya biyo. Na kafa rumfuna huɗu a bayan ɗakin magani, duk suka cika. Alluraina biyu ba sa hucewa daga tafasa zuwa tafasa. Tsini ya ƙare har ina wasa wanda na riga na yar.

Cikin wannan hali Abarshi ya kawo Tsahara, a kan amalanken wani, don jakinsa ya mutu. Sawunta sun kumbura har gwiwa, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Cikinta ya tashi. Leɓenta ya yi duhu. Ba ta iya kwanciya, da an miƙar da ita sai numfashi ya sarƙe. Na tambaya, ya ce wata guda da ya wuce maƙoshinta ya yi ciwo, gwiwa ta ɗan kumbura, amma ba mai jan ruwa, kuma ba abin hawa.

Ya ce, "Majo, ka ba ta garin nan na wancan karon. Shi ya tashe ta."

Na san sunan abin da ke damunta da Faransanci. Na san ƙofar da ta lalace a zuciyar. Na san har sunan maganin da ake ba irinta a manyan asibitoci, don na gan shi a darasi. Ba ni da ko ɗigo. Na ware mata wuri nesa da masu sanƙarau. Na sa aka kifa turmi, aka jingina masa tabarma ta zauna a kishingiɗe. Na hana a sa mata gishiri da kanwa a kunu. Na auna gari rabin ƙulli, don gwiwar tana mata zafi, na dama a ƙoƙo.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Majo, in na sha, zan koma gida da sawuna kamar da?"

Na ce, "Sha dai, Tsahara."

Ta sha, ta goge baki, ta ce in ta samu sauƙi za ta share mini rumfunan nan, sun yi datti. Kwana biyar ta yi. Ran na biyar da hantsi ina yi wa wani allura a rumfa ta uku, wata mata ta zo ta taɓa ni ta ce yarinyar da ke jingine da turmi ta daina haki. Na gama allurar sannan na je. A Dakoro aka rufe ta, ba a iya kai ta gida ba.

Bayan damina ta dawo, na lura yara masu ciwon gwiwa sun daina zuwa. Tsofaffi suna nan, yara babu. Sai wani gardi ɗan wajen Korahane ya gaya mini abin da ake faɗa a ƙauyuka. Wai Majo ya samo wani ƙarfe mai igiya biyu, in ya ɗora wa yaro a ƙirji yana shan numfashinsa. Wai 'yar Abarshi lafiyarta lau tana korar sa, ranar da ya ɗora mata shi ta fara ramewa. Yaran nan biyu da na ji huci a ƙirjinsu, da suka rasu a shekarar da ta biyo, aka ƙara su a lissafin. Ai duk wanda na saurara na ce ba shi da lafiya, ya mutu. Ba ƙarya suka yi ba. In uwa ta kawo mini yaro da miki, ta ga na kai hannu aljihu, sai ta rufe masa ƙirji da zane. Na je wurin masu gari, na je wurin limamai, na ɗora abin a ƙirjina a gabansu, na ba su suka saurara. Suka yi dariya, suka ce lalle akwai abin mamaki, suka koma gida ba abin da ya canza.

Shekara biyu bayan rasuwar na gamu da Abarshi a kasuwar dabbobi. Ya tsufa ƙwarai. Ya sayi sabon jaki, a kansa wata yarinya 'yar shekara tara, kamarta ɗaya da Tsahara. Gwiwarta ta hagu a naɗe da tsumma, jinin ƙaho ya ɓullo ta ciki. Ta riƙe wuyan hannunta a ƙirji yadda mai ciwo ke yi. Muka gaisa, na yi masa gaisuwar rashi ya amsa da mutunci, bai nuna mini fushi ba.

Na ce, "Ƙanwarta ce?"

"Ita ce. Sa'a."

"Ta yi ciwon maƙoshi kwanan baya?"

Yarinyar ta ɗaga kai alamar e.

Na ce, "Abarshi, don Allah ka kawo ta. Yanzu na san abin. Ko ba magani, in ta kwanta wata biyu a wurina, ana iya tsira da zuciyar. Ni zan ciyar da ita."

Ya gyara igiyar jakin a hannunsa. Ya ce, "Majo, ban riƙe ka da kome ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni abin da na gani da idona shi na sani. Lokacin da ba ka yi karatu ba, ka tashe ta cikin kwana bakwai. Da ka yi karatu, ta mutu a hannunka."

Na matsa kusa da jakin, na miƙa bayan hannuna in ji zafin gwiwar kawai. Ya sa kafaɗarsa tsakanina da ita, a hankali, ba da faɗa ba.

Ya ce, "A'a, Majo. Wagga ka bar mini ita."